Filin Likita: Ciwon ɓarin kai ga yara, yadda ake gane shi da yadda ake magance shi

Wasiƙun da suka zo mana a wannan wata a kan ciwon kan yara suna da yawa, kuma galibinsu daga ƙauyukan Kano da Jigawa suka fito. Na zaɓi guda huɗu waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran. Kamar yadda muka saba, ba ma buga sunan mai tambaya.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum Likita. Ɗana na uku shekararsa 9, yana aji huɗu a firamare. Fiye da shekara guda ke nan yana fama da ciwon kai da ke taso masa sau biyu ko uku a wata. Idan ya taso sai ya dafe goshi yana kuka, fuskarsa ta yi fayau, ya shige ɗaki ya ja zane ya lulluɓa, ko maganar ƙannensa ba ya son ji. Wani lokaci sai ya yi amai, daga nan barci ya ɗauke shi, idan ya farka kuwa garau, har ya nemi tuwo. Duk lokacin da muka kai shi kemis sai a ce maleriya ce ko taifot, a yi masa allura, sau biyu ma har ƙarin ruwa aka yi masa, amma ba a rufa sati uku sai ciwon ya dawo. Mahaifinsa yana ganin ƙin makaranta ne, kakarsa kuma ta ce iska ce. Ni kaina ina da ciwon ɓarin kai tun ina budurwa, sai dai nawa gefe ɗaya yake kamawa, nasa kuwa duk goshin ne. Shin ƙaramin yaro yana yin wannan ciwo? Kuma wane gwaji ya kamata mu yi masa?

Wata uwa, daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim

AMSA

Wa'alaikumus salam Malama, Allah Ya ba yaro lafiya. Hukunci na ƙarshe yana hannun likitan da zai duba shi ido da ido, amma bayanin da kika yi ya dace da ciwon ɓarin kai na yara kusan ta kowace fuska, kuma kin lura da abubuwan da mu ma su muke tambaya a ɗakin duba marasa lafiya.

Yara suna yin wannan ciwo, kuma ba kaɗan ba. Kusan ɗaya cikin goma na yaran da suka isa makaranta da matasa suna da shi, wato a ajin da ke da ɗalibai 60 da wuya a rasa biyar. Kafin balaga yana ɗan fi kama yara maza, bayan balaga kuma ya fi yawa ga 'yan mata. Yana bin jini ƙwarai, saboda haka kasancewarki mai irin wannan ciwo hujja ce babba a wurina.

Sunan da muka ba ciwon shi ne yake ruɗar da iyaye. Ga babba ya fi kama ɓari ɗaya na kai, amma ga yaro yawanci goshi yake kamawa, ko gefen goshi dama da hagu a lokaci guda, sai yaro ya doshi ƙarshen ƙuruciya sannan ciwon yake komawa gefe ɗaya. Haka kuma na yara ya fi gajarta. Ƙa'idar da ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya ta fitar a 2018 ta ce ga babba yana ɗaukar awa 4 zuwa 72, ga yaro kuwa daga awa 2. Abin da ake nema shi ne ciwon ya taso aƙalla sau biyar, ya kasance mai sara kamar ana buga ganga a cikin kai, mai ƙarfin da zai hana yaro wasa, motsi ya ƙara tsananta shi, sannan a sami tashin zuciya ko amai, ko kuma ƙin haske da ƙin hayaniya. Yaro ɗan shekara 9 ba zai ce miki haske yana damunsa ba, amma shigewa ɗaki da lulluɓa da zane da ya yi ya faɗa miki. Abin da ya fi komai kwantar mini da hankali a wasiƙarki shi ne cewa tsakanin tasowa da tasowa lafiyarsa ƙalau.

Game da gwaji, babu awon jini ko hoton da ke nuna ciwon ɓarin kai. Da labari ake gane shi, da kuma dubawar likita: a auna nauyin yaro da hawan jininsa, a haska cikin idonsa, a duba ganinsa, a gwada ƙarfin hannuwansa da ƙafafuwansa, a sa shi ya yi tafiya a ga ko yana tangaɗi. Idan labarin ya dace kuma dubawar ba ta nuna komai ba, babu buƙatar a sayar da akuya don a je Kano ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Na sha ganin iyayen da suka kashe kuɗin taki a kan hoton da tun farko an san ba zai nuna komai ba, alhali tambayoyi na minti goma sha biyar sun isa.

Batun maleriya da taifot yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin yara da yawa irin ɗanki suna shafe shekaru ana yi musu allurar cutar da ba su da ita. Maleriya tana kawo ciwon kai, gaskiya ne, musamman da damina da kaka, amma tana zuwa da zazzaɓi, kuma ba ta warkewa don yaro ya yi barcin awa biyu. Idan jikinsa ya yi zafi, a yi masa gwajin nan na ɗigon jini daga yatsa kafin a ba shi magani. Idan gwajin ya nuna babu, kada a ba shi. Shi kuma gwajin Widal da ake dogara da shi wajen cewa taifot ce, yin sa sau ɗaya ba ya tabbatar da cutar, domin yana iya nuna alama ga mutumin da lafiyarsa ƙalau.

Abin da nake so ki fara daga yau shi ne ki ware ƙaramin littafi. Duk ranar da ciwon ya taso ki rubuta kwanan wata, da lokacin da ya fara da lokacin da ya lafa, da abin da yaron ya ci tun safe, da lokacin da ya kwanta jiya, da ko ya daɗe a rana, da maganin da aka ba shi. Da boko ko da ajami duk ɗaya ne, idan kuma rubutu yana miki wuya, yayansa ya riƙa rubutawa. Bayan wata biyu wannan littafi zai fi amfani ga likita fiye da kowace takardar gwaji, kuma ke kanki za ki fara ganin abin da ke tayar da ciwon. A karkararmu abubuwan da suka fi yawa su ne tafiya makaranta ba tare da karin kumallo ba, da ƙarancin shan ruwa, da zafin bazara ga yaron da ke kiwo ko aikin gona ko talla, da rashin isasshen barci, da hayaƙin icce ko turare mai ƙarfi, da fargabar duka ko jarrabawa. Ko ɗumamen tuwo ne ko koko, kada ya fita da safe cikinsa babu komai. Ki haɗa shi da gorar ruwa, ya sa malafa idan zai shiga rana, kuma ya riƙa kwanciya da tashi a lokaci guda, domin yaro mai shekarunsa yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12.

Idan ciwon ya taso, magunguna biyu ne na farko, ibufurofen da farasitamol, kuma a binciken da aka yi a kan yara ibufurofen ya fi samun shaida. Kuskure biyu ake yawan yi da su. Na farko jinkiri: ana jira sai yaro ya fara amai sannan a ba shi, alhali a lokacin ciki ya riga ya rage aiki, maganin ba ya shiga jiki da sauri. A ba shi da zarar ya ce kansa ya fara. Na biyu ƙarancin awo: ana gutsura wa yaro rabin ƙwaya da ido. Da nauyi ake auna maganin yara. Ibufurofen miligiram 10 ne ga kowane kilo, farasitamol kuma miligiram 15 ga kowane kilo, wato yaron da ke da kilo 20 zai sha ibufurofen miligiram 200, ko farasitamol miligiram 300. Ki sa a ɗora shi a sikeli a asibitin da ke kusa da ku, malamin asibiti ya rubuta miki adadin da ya dace da shi. Ba a maimaita ibufurofen kafin awa 6, kuma ba a ba yaron da ke da ciwon ƙoda ko gyambon ciki, ko wanda amai da zawo suka ƙarar masa da ruwan jiki. Farasitamol kuma ba ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Bayan ya sha, ki ba shi ruwa, ki kwantar da shi a ɗaki mai duhu, ki ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma a goshi, ki kore yara daga ƙofar ɗakin. Barci yana cikin maganin wannan ciwo.

Kada a ba yaron da bai kai shekara 16 ba asfirin, domin yana iya jawo wata cuta mai haɗari da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, kuma ku sani garin maganin nan na ƙullin takarda irin su Alabukun asfirin ne a cikinsa. Kada a ba shi taramol ko wani abu mai kodin. Kada kuma ki karɓi haɗin ƙwayoyin da aka ƙulla a leda ba tare da kin san sunan kowace ba.

Ga mahaifinsa kuwa, ina roƙon ki karanta masa wannan: yaron da ke gudun makaranta ba ya iya sa fuskarsa ta yi fayau, ba ya ƙirƙirar amai, kuma ba ya barin ƙwallo da tuwo ya shige ɗaki mai duhu. Tsawa da duka ƙara tayar da ciwon suke yi. Amma shi ma yana da gaskiya ta gefe guda, domin ba ma son ciwon ya raba yaro da karatu. Da zarar ya lafa, washegari ya koma aji.

Akwai alamomin da idan kika ga ɗaya daga cikinsu, to maganar ciwon ɓarin kai ta tsaya, sai asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Babbarsu a yankinmu ita ce ciwon kai tare da zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko magagi, ko jijjiga, musamman daga hunturu zuwa ƙarshen bazara, domin Kano da Jigawa suna cikin yankin sanƙarau, kuma manyanmu ba su manta da annobar 1996 ba. Sanƙarau yana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare nau'i biyar na ƙwayar cutar, kuma Jigawa tana cikin jihohin da aka fara, don haka idan masu rigakafi sun zo garinku kada a ɓoye yara. Sauran alamomin su ne ciwon da ke tayar da yaro daga barci ko yake zuwa da amai da asuba, da wanda kullum ƙaruwa yake yi mako bayan mako ba ya sakin yaro, da wanda ya zo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa gani ba, da wanda ya tsaya a ƙeya, da wanda ya biyo bayan faɗuwa daga bishiya ko babur. Haka nan gani biyu-biyu, ko sabuwar harara-garke, ko tangaɗi, ko raunin hannu ko ƙafa, ko canjin hali da koma baya a karatu, ko ciwon kai mai yawa ga yaron da bai kai shekara 5 ba.

TAMBAYA TA BIYU

Likita barka da aiki. Ina riƙon 'yar ƙanena, shekararta 14. Tun da ta fara al'ada take ciwon kai na gefe ɗaya. Kafin ya zo sai ta ce tana ganin wani haske mai lanƙwasa yana walƙiya a gefen idonta, wani lokaci kuma yatsunta da leɓenta su yi mata kamar tururuwa na bi. Mutanen gida sun ce aljanu ne, an yi mata ruƙiyya da hayaƙi. Yanzu kusan kullum sai ta sha maganin ciwon kai, amma kan ya daina sakinta gaba ɗaya. Da azumi kuma abin ya fi tsanani. Ina neman shawara.

Wata gwaggo, daga ƙaramar hukumar Sumaila

AMSA

Hajiya, Allah Ya saka miki da alheri a kan wannan riƙo. Hasken da yarinyar take gani sananne ne a wurin likitoci, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na masu ciwon ɓarin kai suna samun irinsa. Wani sauyi ne da ke ratsa saman ƙwaƙwalwa a hankali, yana farawa daga sashen gani da ke ta ƙeya, shi ya sa ido ne ke fara shaidawa. Idan ya gangara zuwa sashen da ke kula da jin taɓi, sai yatsu da leɓe su ɗauka. Yana ɗaukar minti 5 zuwa 60, ya wuce gaba ɗaya, sannan ciwon kan ya biyo baya. Idan ya wuce awa guda bai saki ba, ko hannu ya yi rauni sosai, ko magana ta karye, a kai ta asibiti a ranar.

Wannan ciwo tsoho ne, Larabawa suna kiran sa shaƙiƙa, kuma ya zo a cikin Sahihul Bukhari daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an yi masa ƙaho a kai yana cikin harami saboda shaƙiƙa da ke damunsa. Ina kawo wannan ne don mutanen gida su san cewa ciwo ne na jiki kamar sauran cututtuka. Addu'a da tofi alheri ne, a ci gaba da yi, amma a daina hayaƙin, domin ƙauri da turare mai ƙarfi suna cikin abubuwan da ke tayar da shi. Kuma yarinyar da ake ta faɗa mata cewa tana da aljanu tsoro take kwana da shi, tsoron kuma yana ƙara ciwon.

Alaƙarsa da al'ada gaskiya ce. Sinadarin jikin mace yana sauka daf da zuwan jini, kuma saukar tasa ce ke tayar da ciwon, yawanci daga kwana biyu kafin jinin zuwa kwana uku na farkonsa. Ita ma ta buɗe littafi kamar yadda na faɗa wa mai tambaya ta farko, ta riƙa sa alama a kwanakin al'adarta.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne shan magani kullum. Maganin ciwon kai da kansa yana zama sanadin ciwon kai idan aka yawaita shi. Wanda ke shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko haɗaɗɗun ƙwayoyi masu sinadarin kafeyin (irin wanda ke cikin goro da shayi) kwana 10 ko fiye, har tsawon wata uku, sai ciwon da a da yake zuwa ya tafi ya koma na kullum, kuma da alama nan yarinyarki ta faɗa. Mafita ita ce a dakatar da ƙwayoyin ƙarƙashin kulawar likita. Ki shirya, domin sati ɗaya ko biyu na farko ciwon zai iya ƙaruwa kafin ya sauka, kuma a nan ne mutane da yawa suke karaya su koma. Bayan haka kada ta wuce kwana biyu ko uku a mako tana shan magani. Ta rage goro da shayi mai kauri da lemon kwalba mai kafeyin, ta kuma ajiye waya idan dare ya yi. Idan magungunan farko ba su yi mata ba, akwai wasu da aka yi musamman don wannan ciwo, irin su sumatiriftan da rizatiriftan, amma likita ne kaɗai zai rubuta su bayan ya duba ta.

Da azumi, yunwa da ƙishirwa da canjin lokacin barci ne suke haɗuwa. Ta jinkirta sahur, ta ci abin da ke riƙe ciki kamar tuwo ko wake ko fura, ta sha ruwa da yawa tsakanin buɗa-baki da sahur, kuma a ɗauke mata surfe da ɗiban ruwa da tsakar rana. Ranar da ciwon ya kayar da ita har da amai, Suratul Baƙara ta yi wa mara lafiya rangwamen ya sha ya rama, kuma malamin garinku zai yi muku ƙarin bayani. Ƙananan yaran da ba su balaga ba kuwa, idan azumin koyo yana tayar musu da ciwon, kada a matsa musu.

Abu ɗaya kuma da nake so ki riƙe mata har gaba: idan Allah Ya kai ta ɗakin miji kuma ta je neman maganin tazarar haihuwa, ta faɗa wa ma'aikaciyar asibiti cewa tana da ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiya a ido, domin ƙwayoyin da ke ɗauke da sinadarin istirojin suna ƙara wa irinta haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Akwai wasu hanyoyin da suka dace da ita.

TAMBAYA TA UKU

Likita, a zamaninmu idan yaro yana yawan ciwon kai wanzami ake kira ya yi masa tsaga a gefen goshi, a fitar da mataccen jini. Jikana ɗan shekara 7 yana wannan ciwo, uwarsa ta hana a yi masa. Wane ne mai gaskiya a cikinmu?

Wani dattijo, daga ƙaramar hukumar Babura

AMSA

Baba, Allah Ya ƙara girma. Na san tausayin jikanka ne ya sa ka nemi abin da ka ga iyaye suna yi, amma a wannan karon ina bayan uwar yaron. Ciwon ɓarin kai daga jijiyoyin ƙwaƙwalwa yake tasowa, babu wani jini da ya taru a ƙarƙashin fatar goshi da aska za ta fitar. Dalilin da ya sa ake ganin tsaga ta yi aiki shi ne ciwon da ma mai tafiya ne da kansa cikin 'yan awoyi, sai a ba aska ladan abin da barci ya yi. Ga yaro ɗan shekara 7 kuwa, a gefen goshi akwai jijiyar jini da ke kusa da fata, kuma askar da ta taɓa wani tana iya ɗauko ciwon hanta ko sarƙe-haƙora, ga yaranmu da yawa da ma jininsu bai cika ba. Ɗaure kai da ƙyalle da shafa ruwan sanyi da kuka saba yi ba su da illa, a ci gaba da su. Ka sa a kai shi asibiti a duba shi, kuma a gwada ganinsa, domin yaron da ba ya ganin allo sosai ma yana yawan kukan kai.

TAMBAYA TA HUƊU

Ranka ya daɗe, ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibitin karkara, babu likita a wurinmu. Ina da yara biyu da nake zargin ciwon ɓarin kai ne da su, ɗaya yana tasowa kusan sau shida a wata, ɗayan kuma mai sikila ne. Zan iya fara musu maganin rigakafi na kullum? Kuma yaushe zan tura su gaba?

Wani malamin asibiti, daga ƙaramar hukumar Gwaram

AMSA

Malam, sannu da ƙoƙari, domin ku ne kuke ganin yaran nan kafin mu gan su. Zan fara da mai sikila, saboda shi ba ya jira. Yaro mai sikila yana iya yin ciwon ɓarin kai kamar kowa, amma ba a ɗora masa wannan suna sai an kawar da abin da ya fi shi haɗari. Inda ba a ɗauki matakin kariya ba, kusan ɗaya cikin goma na masu sikila suna samun shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara 20, kuma ƙarancin jini kansa yana kawo ciwon kai. Ka auna yawan jininsa, ka tura shi asibitin da ke da sashen masu sikila. Akwai awon gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ake yi wa irin waɗannan yara daga shekara 2 zuwa 16, ba a tsaga ba a allura, kuma ana yin sa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Idan ciwon kan ya zo sabo da ƙarfi, ko da karkacewar baki ko raunin hannu, wannan na gaggawa ne. Daga Gwaram, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ce mafi kusa da kai cikin manyan asibitoci, sai Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse.

Na biyun kuwa, tasowa sau shida a wata ta kai a yi tunanin rigakafi, domin ana fara wannan magana ne idan ciwon yana zuwa kamar sau ɗaya a mako ko fiye, ko yana hana yaro makaranta. Amma kada ka yi saurin ɗauko ƙwaya. A 2017 an buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan yara fiye da 300 masu shekara 8 zuwa 17, inda aka raba su uku: wasu aka ba su amitiriftilin, wasu tofiramet, wasu kuma ƙwayar da babu magani a cikinta. Waɗanda kwanakin ciwonsu suka ragu da rabi sun kai kashi 52 cikin 100 a rukunin farko, kashi 55 a na biyu, da kashi 61 a rukunin ƙwayar da babu komai a cikinta, kuma masu shan magungunan na gaske sun fi samun illa. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne yawancin yaran sun sami sauƙi ne saboda an zauna da su an yi musu bayani, an gyara musu barci da ci da sha, an koya musu shan maganin farko a kan lokaci, kuma ana ganinsu a kai a kai. Duk wannan kana iya yin sa a asibitinka ba tare da iyaye sun kashe ko sisi ba.

Saboda haka ka ba shi wata biyu zuwa uku a kan wannan tsari, da littafin rubuta kwanaki, kana ganinsa duk bayan sati huɗu. Ka auna hawan jininsa da abin awo daidai hannun yaro, ka tambayi yawan ƙwayoyin da yake sha a wata, ka kuma keɓe da shi ka tambaye shi halin da yake ciki a makaranta da gida, domin wani yaron abin da ke tayar masa da ciwo bulalar wani malami ce ko rikicin iyaye. Ka tambayi uwar ko yana amai a mota, ko yana da ciwon cibiya mai zuwa ya tafi tare da amai da fayau ɗin fuska, domin ga ƙananan yara ciwon yakan fara bayyana a ciki shekaru kafin ya hau kai, kuma ana yawan ɗaukar sa a matsayin tsutsar ciki.

Idan bayan wata uku kwanakin ba su ragu ba, ka tura shi ga likitan yara da littafinsa a hannu, shi zai zaɓi magani. Kowanne yana da sharaɗinsa. Firofaranolol ba a ba mai asma. Amitiriftilin yana sa barci da bushewar baki, kuma yana da haɗari ƙwarai idan ƙaramin yaro ya ɗauka ya haɗiye da yawa, don haka ana ɓoye shi nesa da hannun yara. Tofiramet yana rage cin abinci da zufa, abin lura a zafin bazararmu, kuma yana iya rage kaifin tunani a aji. Shi da wani maganin da ake kira balfurowet duka suna cutar da ɗan tayi, balfurowet ya fi muni, saboda haka a yankin da 'yan mata ke aure da wuri dole a tambayi maganar aure kafin a rubuta wa budurwa ɗayansu. Idan likita ya fara maganin, ka faɗa wa iyaye cewa ba a yanke hukunci a kansa sai an sha shi sati takwas zuwa goma sha biyu, kuma ba na har abada ba ne, ana janye shi a hankali bayan wasu watanni na sauƙi. A takardar turawa ka rubuta nauyin yaron, da awon hawan jininsa, da yawan kwanakin ciwo a kowane wata, da sunan duk maganin da ya sha da adadinsa.